Manyan Amfilifayoyin Jita na Kiɗan Metal: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Saye da Mai Son Tarawa

Waɗannan tambayoyi ne da aka sha yi mini, wasu a ɗakin atisaye, wasu ta waya da tsakar dare daga wanda ya ga talla ya kasa barci. Ra'ayina yana ciki, ban ɓoye shi ba. Na zuba kuɗi da shekaru a wannan harka, kuma ina son wanda zai shigo bayana ya shigo da idonsa a buɗe.

Me ya bambanta wannan amfilifaya da ta gidan biki ko ta wurin taro?

Ta gidan biki aikinta ta ɗaga murya ba tare da ta taɓa kamanninta ba. Ta mai jita kuwa rabin abin kiɗan ce. Jitar lantarki idan ba a jona ta ba, ƙararta ba ta wuce ta sauro. Gurnanin nan mai kauri da ake ji a kiɗan metal, wato kiɗan rok mai nauyi da ƙarfi, a cikin amfilifaya ake haifar sa.

Kashi biyu ce. Akwai kai, wato akwatin da ke ɗauke da kayan wuta da maɓallai, akwai kuma akwatin sifika da ake ɗora kan a bisansa, galibi mai sifika huɗu masu faɗin inci 12. A cikin kai akwai bawul, kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila irin na rediyon zamanin da. Ƙanana, waɗanda ake kira 12AX7, su ne ke karɓar sautin jita su riƙa miƙa wa juna, kowane yana cusa wa na gabansa fiye da abin da zai iya ɗauka, har sautin ya tsage ya zama gurnani. Manyan kuma, irin su EL34 da 6L6 da KT88, su ne ke ba shi ƙarfi. Daga nan sai taransifomar fita ta miƙa shi ga sifika. Wutar da ke yawo a ciki takan kai bolt 450 zuwa 500. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Sunaye sun yi yawa. Ta ina zan fara gane su?

Kada ka haddace sunaye, ka gane gidaje. Kusan duk abin da ke kasuwa daga gidaje huɗu ya fito.

Gidan farko na Ingila ne. Jim Marshall ya fara haɗa amfilifaya a shagonsa na Landan a 1962. A Birmingham kuma Tony Iommi na Black Sabbath yana kiɗa da Laney, kamfanin garinsu, yana tura ta da wata 'yar na'ura mai ƙara zaƙin sama, wato siririn sauti. Amma wadda ta zama uwa ga metal na shekarun 1980 ita ce Marshall JCM800 da ta fito a 1981, musamman samfurin 2203 mai wat 100 da ƙanwarta 2204 mai wat 50. Hanya ɗaya tak gare ta, wato salon murya guda da ba a sauyawa zuwa wani, maɓallanta shida. Muryarta a tsakiya take, tsakanin sauti mai kauri na ƙasa da siriri na sama, tana cizo, ba ta rufa wa kowa asiri: idan hannunka bai nuna ba, za ta tona ka. Kerry King da Jeff Hanneman na Slayer da ita suka yi suna, haka Zakk Wylde.

Gida na biyu na Randall Smith ne, wanda ya kafa Mesa/Boogie a Kalifoniya. Jerin Mark shi ya fara jera bawul a bayan bawul don samun gurnani ba sai an ƙure ƙara ba. Wadda aka fi nema a jerin ita ce Mark IIC+, da aka yi tsakanin 1984 da 1985 kawai, kuma da ita Metallica suka naɗi faifansu na 1986. Sautinta a tsuke yake, busasshe, yana tsayawa cak da zarar ka danne tsirkiya. Tana da wasu 'yan sanduna biyar na daidaita sauti da ake ja sama da ƙasa. Masu metal sukan nutsar da na tsakiya, mai lamba 750, su ɗaga na gefe biyu.

Gida na uku shi ya fi yawan 'ya'ya. A 1987 Mike Soldano ya fitar da SLO-100, kuma tsarin wayoyinta ya zama abin koyi. Masu gyara sun daɗe suna nuna yadda Mesa Dual Rectifier da Peavey 5150, waɗanda duka suka bayyana wajen 1992, suke da dangantaka ta kusa da ita a ciki, duk da cewa a kunne kowace da halinta. Rectifier ƙasanta faɗi gare shi, tana cika ɗaki kamar hadari, ita ce muryar ƙungiyoyi irin su Korn. 5150 kuwa James Brown, injiniyan Peavey, ya haɗa ta tare da makaɗin jita Eddie Van Halen a Meridian ta jihar Misisifi, wat 120. Da Van Halen ya bar kamfanin a 2004, sai aka sauya mata suna zuwa 6505, don tuna shekara arba'in na Peavey, 1965 zuwa 2005. Shi kuma ya koma wurin Fender suka yi EVH 5150III.

Gida na huɗu na Jamusawa ne: Diezel da VH4 ɗinta ta 1994 mai hanyoyi huɗu, wadda Adam Jones na Tool ya shahara da ita, da Herbert mai wat 180, ENGL da Savage da Powerball, sai Reinhold Bogner da ya ƙaura Los Angeles a 1989, mai Uberschall. Waɗannan sautinsu a goge yake, kowace tsirkiya tana fita daban ko da an sassauta jita ƙasa sosai.

Sauran, irin su Friedman da Fortin da Revv, kusan duk za ka iya ajiye su kusa da ɗaya daga cikin gidajen nan. Friedman BE-100, alal misali, jikar Marshall ce da aka yi wa gyara. Orange ita ce ke tsaye gefe guda da kaurinta mai kama da kunu, abin ƙaunar masu kiɗa a hankali da nauyi.

To wace zan fara saye?

Idan metal na zamani kake yi kuma ba ka taɓa mallakar mai bawul ba, nemi 6505 ko 5150 ta hannu. Na san ba ita ce amsar da mai tambaya yake so ba, domin ba ta da tsadar da za a yi alfahari da ita. Amma ka saurari faifan metal na shekarun 1990 zuwa yau, za ka ci karo da ita fiye da kowace. Andy Sneap, ɗan Ingila mai naɗar faifai, ya gina sunansa da haɗin da kowa ya sani yanzu: 5150, akwatin Mesa, koriyar feda a gaba (ƙaramar na'urar sauti da ake takawa da ƙafa), da makirfo Shure SM57. Tana da juriya, kayan gyaranta ba sa wuya, kuma idan ka sayar ba za ka yi asara mai yawa ba. Laifinta ɗaya da kowa ya yarda da shi: sautinta mai tsabta, wanda ba gurnani, ba abin yabo ba ne.

Ka zauna da ita shekara guda. A cikin shekarar kunnenka zai gaya maka abin da ka rasa: cizon Marshall ne, ko tsukewar Mark, ko faɗin Rectifier. Sai ka sayi ta biyu da dalili.

Shin mai tsada ta fi daɗin sauti?

Ba dole ba. Sabuwar amfilifaya daga ƙananan kamfanonin da ke haɗawa da hannu takan kama dala dubu uku zuwa huɗu da wani abu. Abin da kuɗin ke saya maka shi ne taransifoma mai inganci, haɗi mai tsabta da mai gyara zai buɗe ya ji daɗi, ƙarancin shuu idan ka daina kiɗa, da hanyoyi da yawa masu kyau a kai ɗaya. Waɗannan duk abubuwa ne na gaske, ina kuma darajanta su.

Sai dai tarihin kiɗan kansa yana ja mana kunne. Dimebag Darrell na Pantera da amfilifayar kamfanin Randall (ba Randall Smith na Mesa ba) mara bawul ya yi yawancin aikinsa. Ƙungiyoyin Niyok da kewaye masu kiɗa mafi tsanani sun yi amfani da Ampeg VH-140C, ita ma ba bawul. A Stockholm ta Suwidin, sautin da ya fito daga situdiyon Sunlight na Tomas Skogsberg, wanda Entombed suka yaɗa a duniya, tushensa feda ce mai araha, Boss HM-2, da aka murɗe duk maɓallanta har ƙarshe. An ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ji ne ke korar gani.

Wat 100 ko wat 50? Kuma ta yaya zan kunna ta a gida?

Bambancin ƙarar da ke tsakaninsu desibel uku ne kacal a ma'aunin ƙara, kunne da ƙyar yake lura. Kafin ka ji ƙara ta ninka, sai ƙarfin ya ninka sau goma. Dalilin da masu metal ke son wat 100 ba ƙara ba ce, numfashi ne: ƙasan sautin ba ya rushewa idan ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu kana sara da ƙarfi kusa da mai ganga.

A gida dukansu sun fi ƙarfin ɗaki. Sifika mai kyau da wat ɗaya kawai tana ba da desibel kusan 100 a tazarar mita guda, kuma masana lafiyar kunne sun ce a wannan mataki minti goma sha biyar ya isa a rana. Kunne idan ya tafi ba ya dawowa, don haka toshe shi a wurin atisaye. Mafita a gida ita ce akwatin da ke shanye ƙarfin amfilifaya a madadin sifika, irin Two Notes Torpedo Captor ko Suhr Reactive Load, sai ka ji sautin ta abin sawa a kunne ko ta kwamfuta. Haƙƙin maƙwabci ya fi gurnani.

Na ga ana kashe kuɗi a kan kai, ana raina akwatin sifika. Daidai ne?

Kuskure ne, kuma shi ne mafi girma da na sani a harkar. Na tabbatar da wannan wata rana a ɗakin wani abokina. Muka jera kawuna uku masu tsada, muka riƙa jona su ɗaya bayan ɗaya a akwati guda. Akwai bambanci, amma sai ka natsu. Sannan muka ɗauki kai ɗaya muka zagaya da shi akwatuna uku. Ƙanensa da ke zaune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa, wanda bai taɓa riƙe jita ba, ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wannan ai wata jitar ce daban." Tun ranar na daina jayayya a kan batun.

Sifika ita ce bakin da ke furta maganar. Celestion Vintage 30, da ta fito a 1986, ita ce ta mamaye metal saboda tana da wani tudu a saman tsakiya da ke huda ganguna ya fito. G12T-75, wadda ke cikin akwatin Marshall 1960 na yau da kullum, tsakiyarta a nutse take, samanta yana da ƙaiƙayi. Greenback mai wat 25 ta fi laushi da ɗumi, tana kuma saurin tsagewa. Girman akwatin ma yana magana: na Mesa Rectifier ya ɗan fi na Marshall tsawo, shi ya sa ƙasansa ya fi zurfi. Katakon da aka fi so falankin birch ne mai kauri, ba garin katako da aka matse ba.

Idan kuɗinka na kai ɗaya mai tsada ne kawai, raba shi: kai matsakaici da akwati na ƙwarai. Ka kuma tuna akwatin yakan kai kilo 40 ko fiye, kan kuma kilo 20 zuwa 25. Ka auna matattakalar gidanku kafin ka biya.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: lambar om, wadda ake rubutawa a jikin akwati da bayan kai don a dace da su. Idan akwati ya ce 8, bayan kai ma ka sa a 8. Idan 16, 16. Kuma kada ka taɓa kunna mai bawul ba tare da an jona sifika ko abin da ke madadinta ba. Taransifomar fita ce za ta ƙone, ita ce kuma mafi tsada a ciki.

Me ya sa ake sa feda mai araha a gaban amfilifayar dubban daloli?

Koriyar fedar nan, Ibanez Tube Screamer ko 'yar'uwarta Maxon OD808, ba don ƙara gurnani ake sa ta ba. Ana mai da maɓallin gurnaninta sifili, a ƙure na ƙara. Abin da take yi shi ne ta yanke ƙasan sautin jita kafin ya shiga bawul na farko, ta tura tsakiya gaba. Ƙasa mai yawa idan ya shiga bawul sai ya zama taɓo. Idan aka rage shi tun daga ƙofa, sara yakan fito a tsaye. Rectifier ta fi kowa buƙatarta. JCM800 ma ba ta kaiwa gurnanin metal sai an tura ta. Jerin Mark da yawancin na Jamus kuwa suna iya tsayuwa da ƙafarsu.

Shawarar da ke tafiya da wannan: rage maɓallin gurnanin amfilifayar kanta. Sabon shiga yakan kai shi goma. Waɗanda ka ji a faifai galibi suna wajen rabi.

Zan sayi ta hannu. Me zan duba?

Ba a cinikin biri a sama. Idan da hali, je da jitarka da wayarka, ka ce a bar ta a kashe kafin ka iso, domin wasu cututtukan sai tana sanyi suke nuna kansu, wasu kuma sai ta yi zafi. Ka ba ta aƙalla rabin awa a kunne.

Na koyi wannan da kuɗina. Na taɓa sayen wani kai a wurin wani mutum da ya tarbe ni da fara'a, ya kunna mini minti biyar, sauti kamar zuma. Na biya na ɗauka. A gida, bayan minti ashirin, sai ƙara ta fara raguwa, wani wari kamar na roba a wuta ya taso. Na kashe fitilar ɗaki na leƙa ta baya. Bawul uku suna haskensu na lemo, siriri a tsakiya, yadda ya kamata. Na huɗun kuwa duk farantin ƙarfen cikinsa ya yi jajir kamar garwashi. Da mai gyara ya buɗe, ya nuna mini wani ɗan resisto da ya ƙone har ya bar tabo baƙi a allon, da wata waya da aka ɗaure a madadin fis. Gyaran ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sayen.

Don haka, ka leƙa bawul a wuri mai duhu. Ka zare fis ka ga ko lambarsa ta yi daidai da abin da aka rubuta a jiki. Ka murɗa kowane maɓalli a hankali kana sauraron ƙarar yashi. Ka taka fedar sauya hanya sau da yawa. Ka jona wani abu a ramukan baya da ake sa na'urorin amsa-kuwwa, domin wurin yakan yi tsatsa ya riƙa yanke sauti. Ka saurari gunji mai kauri da ba ya tafiya ko an rage ƙara: alamar manyan kafasito, wato kayan da ke tara wuta a ciki, sun gaji ce, kuma duk wadda ta haura shekara ashirin zuwa talatin ba a sauya mata su ba, lissafa kuɗin sauyin a cikin farashi. Ka tambaya ko taransifomomin na asali ne. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar amfilifaya za ta nemi gyara, abin da ake gudu shi ne a ɓoye maka.

Idan daga nesa ne, ta shafukan ciniki irin Reverb ko eBay, nemi hoton ciki da na lambar jiki da bidiyon da aka ɗauka ranar. Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗi. Ka roƙi a zare manyan bawul a naɗe kowane daban tare da lambar raminsa, a kuma sa kwali biyu. Nauyin taransifoma yana iya lanƙwasa ƙarfen jiki idan aka yar da kwalin sau ɗaya.

Mene ne zancen "ta farko ta fi" da masu tarawa ke yi?

A nan kuɗi ke ɓata. Kusan kowane samfuri yana da zubin da ake rububi. A JCM800 ana fifita na farkon shekarun 1980 masu ramukan jona jita ɗaya a saman ɗaya, a kan na baya masu ramuka a jere. A 5150 ana neman na farko da aka rubuta EVH da manyan haruffa, kafin a koma sa hannun Van Halen, duk da cewa tsarin wayoyinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su tun asali bai wuce irin bawul da aka sa a masana'anta ba, waɗanda kuma tuni aka sauya a yawancinsu. A Rectifier ana bin haruffan zubi, C da D da F da G, na masu hanya biyu kafin mai hanya uku ta zo a 2000. A nan kam akwai bambanci na gaske a sauti, ko da yake bai kai bambancin farashin ba.

Mark IIC+ ita ce gagarabadau. Waɗanda aka ƙera ba su kai dubu uku ba, kuma ta asali takan haura dala dubu goma. Alamarta wata 'yar "+" ce da aka rubuta da hannu a baya, saman inda wayar wuta ke shiga, abin da kowa zai iya zanawa da alƙalami. Akwai kuma waɗanda aka haife su IIC aka mai da su C+ daga baya, da yawa a hannun Mike Bendinelli na kamfanin. Suna da kyau ƙwarai amma farashinsu daban. Kada ka biya kuɗin asali sai wanda ya san cikinta ya gani. Ka kuma sani Gibson, da ta sayi Mesa a 2021, ta sake fitar da samfurin a 2024. Mai son sautin kawai yana da hanya yanzu.

Wadda aka yi wa gyaran ƙari fa?

Idan sanannen hannu ne ya yi, irin marigayi Jose Arredondo da ya yi wa Marshall da yawa aiki a Los Angeles, kuma akwai shaida, daraja takan ƙaru. Idan ba a san wanda ya yi ba, rami ne kawai aka huda a jikin tsohon abu, farashi ya faɗi. Taka kuwa, kada ka bari a huda idan tsohuwa ce ta asali. Sayi feda.

Yaya batun bawul da kula da su?

Manya sukan yi shekara ɗaya zuwa biyu ga mai kiɗa kullum, ƙanana sukan daɗe sosai. Manyan ana sayensu a haɗe, biyu ko huɗu da aka auna suka dace, kuma bayan sauyi sai an daidaita yawan wutar da ke ratsa su, abin da masu gyara ke kira bayas. Mesa ba ta sa abin murɗawa don wannan. Tana sayar da nata bawul da ta tace su dace.

Masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne: JJ a Sulobakiya, ta Saratov a Rasha mai yin Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol, sai na Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, shaguna suka wayi gari babu kaya, farashi ya yi tsalle. Tun lokacin nake ajiye saiti ɗaya na kowane kai da nake da shi.

Yanzu mu koma ga bolt 500 ɗin nan. Kafasito suna riƙe wuta ko bayan an zare waya daga bango, kuma tana iya kashe mutum. Zare bawul daga waje bayan ya huce, wannan naka ne. Buɗe ciki na mai gyara ne. Ka san mai gyaran da ya iya bawul kafin ka sayi amfilifaya, ba bayan ta lalace ba. Wanda ya ƙware a talabijin da rediyon zamani ba lallai ya taɓa ganin irin wannan wuta ba.

Idan na sayo daga Amurka zan kawo Najeriya ko Nijar ko Gana, za ta yi aiki?

Ba kai tsaye ba. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 230 kamar ta Turai. Ka jona ta Amurka a bangonmu, ta tafi nan take. Mafi sauƙi ka sayo daga Ingila ko Jamus. Wasu tsofaffin Marshall suna da abin zaɓar bolt a baya. Duba shi da idonka kafin ka kunna. In ba haka ba sai taransifomar rage wuta, kuma ka ɗauki babba: kai mai wat 100 yana jan ninki uku ko fiye na haka daga bango, don haka mai wat 1000 ta fi kwanciyar hankali. Wadda aka yi don Amurka za ta ɗan fi zafi a wurinmu saboda bugun wutarmu 50 ne, tasu 60.

Wutar da ke hawa da sauka ita ce babbar abokiyar gaba. Sitabilaiza mai kyau dole ce. Kada ka bar ta a jone lokacin da ake tada janareta ko ake sauyawa daga wutar gari. Bari wuta ta zauna tukuna. A lokacin zafi sa mata fanka ta baya, kada ka manna ta da bango. Da hunturu kuma rufe ta da mayafi bayan ta huce, domin ƙurar harmatan tana shiga maɓallai da ramukan bawul.

Na'urorin kwamfuta ba su kashe wannan kasuwa ba?

Sun canza ta. Fractal Axe-Fx ta fito a 2006, Kemper a 2011, Quad Cortex ta kamfanin Neural DSP na Finlan a 2021. Metallica kansu sun koma Axe-Fx a dandali tun wasan da suka yi a Antatika a Disamba 2013. A cikin faifai, idan an gauraya da ganguna, ni kaina ba na iya rantsewa wace ce wace. Ga mai yawo, ko mai zama inda babu mai gyaran bawul, na'urar ita ce hankali, kuma ba na ganin wanda ya zaɓe ta ya gaza.

Abin da ya sa har yanzu nake riƙe da masu bawul shi ne abin da ke faruwa a jiki. Ka tsaya gaban sifika huɗu, ka danne tsirkiya ka sara sau ɗaya, iska ta bugi ƙafar wandonka, jitar ta yi rawa a cikinka, sautin ya koma cikin tsirkiya ya ƙi mutuwa. Kuma kusan kowane sauti da ke cikin waɗancan na'urori, daga jikin ɗaya daga cikin waɗannan aka kwafo shi. Wani ne ya adana ta har aka samu abin kwafa.

Tarawa jari ce? Nawa ya kamata mutum ya mallaka?

Kada ka shiga da niyyar riba. 'Yan kaɗan ne suka yi tashin gwauron zabo, su ma ba wanda ya hango. Farashin kayan hannu ya hau a shekarun annobar korona, da mutane suka zauna a gida, daga baya ya sauko. Idan kamfani ya sake fitar da tsohon samfuri, kasuwa takan girgiza. Ga kuɗin bawul, ga na gyara, ga wurin ajiya. Kuɗin cefane da na makarantar yara ba na amfilifaya ba ne, bashi kuma ba a cinsa don ita.

Game da yawa, ni a wurina ɗaya daga kowane gida ta wadatar: mai cizon Ingila, mai tsukewa, mai faɗi, sai wata ta Jamus idan kana sassauta jita ƙasa. Wanda ya tara biyar daga gida ɗaya, sauti ɗaya ya saya sau biyar. Akwatuna biyu masu sifika daban-daban za su ba ka launuka fiye da kai na biyar.

Wadda ba na amfani da ita, in naɗe in ajiye?

A'a, zama yana lalata ta. Kafasito idan suka daɗe babu wuta sukan bushe, sai ranar da ka kunna su fashe. Kowane wata ɗaya ko biyu jona ta da sifika, bar ta ta yi ɗumi minti ɗaya ko biyu kafin ka ɗaga maɓallin jira, wanda aka rubuta wa standby, ka yi kiɗa rabin awa, ka murɗa duk maɓallan daga farko zuwa ƙarshe. Ajiye ta a wuri busasshe, a ɗage daga ƙasa, ba a kan siminti ba. Idan kuma ka samo wadda ta shekara biyar ko goma a ɗakin ajiyar wani, kada ka jona ta a bango don gwaji. Kai ta wurin mai gyara ya ɗaga mata wuta sannu a hankali da na'urarsa, daga ƙasa har ta kai cikakken bolt, yana duban mita.